Kafin ka maida batir ɗin, ka sake auna fil ɗinka

Saƙo ne ya shigo mini daga wani matashi a unguwar Zariya nan Maradi, ya roƙi kada in faɗi sunansa. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita shi:

"Salamu alaikum Yaya. Ina da ɗan shagon cajin salula a ƙofar gidanmu. Innarmu ta kwashi adashinta, na haɗa da ɗan abin da na tara muka sayi sola, fano ɗaya mai wat 200, batir 12 bolt mai 100, regilater, da ƙaramin firigo na 12 bolt mai wat 60 don ta riƙa saida ruwan sanyi da bisab. Batir na shagona, firigo na ɗakinta cikin gida, tsakaninsu zai kai mita 20, ni na ja fil ɗin da kaina, irin 1.5 ɗin nan da ake sa wa gidaje. Matsalar ita ce firigo sai ya tashi ya ɗan yi gurnani ya mutu, ya sake tashi ya sake mutuwa. Da rana tsaka yakan ɗan yi aiki, amma da la'asar ta yi sanyi shikenan. Ampul kuwa a ɗakin yana kamawa lafiya lau. Wani abokina ya zo da mita ya auna bakin fil ɗin a ɗakin Inna ya ga 12.6, ya ce fil lafiyarsa ƙalau, batir ne jabu. Na je wurin wanda ya saida mana, dattijo ne abokin marigayi babanmu, na gaya masa magana mara daɗi gaban mutane, na ce ya cuce mu. Bai tanka ba, cewa kawai ya yi in kawo batir ɗin ya gani. Inna ba ta ce komai ba amma na san abin na cinta, ga zubin adashi na jiranta. In maida batir in karɓi kuɗinmu ko in kai shi ƙara? Wani abu kuma, wurin da na haɗa fil biyu a zaure yana zafi har skoc ɗin ya narke."

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya saka maka da alheri kan tsayawar da ka yi wa Inna. Zan fara da abin da ba ya jira: wancan haɗin na zaure da ka ce yana narka skoc, yau ɗin nan kafin ka kwanta ka cire fil ɗin daga kan batir, kada ka bar shi ya kwana a jone. Ka sa shi can ƙarshen saƙo kamar wani ƙaramin abu, alhali shi ne ya fi tayar mini da hankali cikin duk abin da ka faɗa, don irinsa ne ke kama zana da rufin zaure cikin dare mutane na barci.

Sai maganar ƙara. Kada ka kai kowa ƙara, kuma kada ka ɗauki batir ɗin nan ka kai wa dattijon tukuna. Duk alamomin da ka lissafa da bakinka, ba ɗaya ba ba biyu ba, fil ɗinka suke nunawa, ba batir ba. Ba na cewa na rantse batir ɗin lafiyarsa lau tunda ban taɓa shi da hannuna ba, zan ma gaya maka yadda za ka gwada shi shi ma, amma in da za a ce in zaɓi ɗaya yanzu, fil zan kama. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, don in ka gane wannan abu sau ɗaya ba wanda zai sake ruɗa ka da mita a hannu.

Abu uku ne ke aiki cikin kowane layin wuta, ko na sola ne ko na NIGELEC ko na tocilan. Akwai tansiyo, shi ne ƙarfin turawa da ke tsakanin ƙafafun batir biyu, ana auna shi da bolt. Akwai kuran ɗin kansa da ke gudana cikin fil, yawan abin da ke wucewa kenan kowane sakan, ana auna shi da amfa. Sai kuma rezistans, wato turjiyar da hanya ke yi wa kuran ɗin, ana auna ta da om. Ka tuna masu lambu a bakin gulbi ko can Jiratawa in sun tada moto-fomfo: injin na turawa da ƙarfinsa, ruwa na bin tiyo, amma in tiyon siriri ne kuma dogo, kafin ruwan ya kai fangalin ƙarshe ƙarfinsa ya ƙare a hanya, sai ka ga yana tsiyaya, injin kuwa ba abin da ya same shi. To batir ɗinka shi ne injin, fil ɗin 1.5 shi ne siririn tiyon.

Yadda ukun nan suke ɗaure da juna shi ne abin da mushen fizik ke rubuta wa 'yan kolej a allo, U = R × I. U tansiyo, R rezistans, I kuran. Wani Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da shi cikin littafinsa a 1827, kuma malamin makaranta ne a birnin Kolon lokacin da yake gwaje-gwajensa, abin da ya riƙa yi kuwa shi ne jona wayoyi masu tsawo daban-daban da kauri daban-daban yana duba yadda kuran ke raguwa ko ƙaruwa, kusan dai matsalar gidanku ce ya zauna ya yi wa lissafi shekaru kusan 200 da suka wuce. Ma'anarsa a sauƙaƙe: in ka ƙara turawa kuran ya ƙaru, in hanya ta ƙara turjiya kuran ya ragu. Amma akwai wata fuska ta wannan lissafi da mutane ba su cika kula da ita ba, kuma ita ce taka: duk inda kuran ya ratsa wani abu mai rezistans, sai ya bar wani yanki na tansiyo a wurin. Nawa zai bari? R sau I. Fil ma yana da nasa rezistans ɗin, ba fanko ba ne, don haka shi ma sai ya ci rabonsa kafin abin da ya rage ya kai ga firigo.

Yanzu mu ɗauki alƙalami. Ka ce mita 20 ne tsakani, amma kuran zuwa yake ya dawo, ja ya tafi baƙi ya komo, kenan mita 40 yake bi. Jan ƙarfe na gaske, mita ɗaya mai kaurin milimita murabba'i 1 yana da wajen 0.017 om. Ka ninka da 40 ka raba da 1.5, zai ba ka kusan 0.45 om. Ƙaramin lamba ne a ido, shi ya sa ake raina shi. Firigon Inna kuma wat 60 ne a kan 12 bolt, in ka raba 60 da 12 ka samu amfa 5 da yake ja in yana aiki. Sai mu koma ga U = R × I: 0.45 sau 5, kusan bolt 2.3 kenan suka ɓace cikin fil. Batir ɗinka in ya cika yana hutawa 12.6 zuwa 12.7 yake nunawa, cire 2.3, abin da ke isa ɗakin Inna bai wuce 10.3 zuwa 10.4 ba. Irin waɗannan firigo na 12 bolt yawancinsu an yi musu kariya a ciki, da zarar tansiyo ya sauka wajen 10 da rabi sai su kashe kansu don kada su tsotse batir su kashe shi. Ka ga kenan firigon bai lalace ba, aikin da aka koya masa yake yi, shi a ganinsa batir ya ƙare, bai san cewa fil ne ya cinye a hanya ba.

Kuma wannan lissafi na yi shi ne da kyautata zato, cewa fil ɗinka jan ƙarfe ne tsantsa kuma kaurinsa ya cika 1.5. Kasuwa cike take da fil da aka yi da alminiyo aka shafa masa jan ƙarfe a baya, shi kuma alminiyo nasa wajen 0.028 ne ba 0.017 ba, in irinsa ka ja to rezistans ya kai 0.75 om, asarar ta kusa bolt 4. Ka yanki ɗan guntu ka fere robar, ka kankare siraran da wuƙa, in ka ga fari ya fito daga ciki ka san abin da ka saya. Ko ka kunna masa ashana, na alminiyo nan da nan zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa zai yi ja ya tsaya.

Abin da ya sa na ce alamominka sun nuna fil, duba su da kanka. Ka ce firigo na tashi ya mutu ya sake tashi. Lokacin da kwamfaresa zai tashi yakan ja kuran fiye da na aikinsa na kullum, asarar cikin fil ta ƙaru, tansiyo ya faɗi, ya kashe kansa. Da ya mutu kuran ya tsaya, I ya zama sifili, R sau sifili kuwa sifili ne, babu asara, tansiyo ya koma 12.6 a bakinsa, sai ya ga ai wuta ta dawo ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa, haka zai ta yi har gari ya waye. Ka ce da rana tsaka yana ɗan aiki. Ai dole, lokacin fano na cajin batir, tansiyo a kan batir yakan hau 13 da rabi har 14 da 'yan kai, in ka cire 2.3 akwai sauran 11 da wani abu, ya ishe shi ya lallaɓa, rana na karkatawa caji ya ragu sai ya koma gidan jiya. Ka ce ampul na kamawa lafiya. Ampul LED mai wat 5 bai kai rabin amfa yake ja ba, asararsa cikin wannan fil ɗin ba ta wuce 0.2 bolt ba, ba zai ma san ana yi ba.

Sai awon abokinka, wanda shi ne ya kai ka ga faɗa da dattijo. Ba ƙarya ya yi ba, 12.6 ɗin ya gani da idonsa, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ya zo taimakonka. Sai dai ya auna ne lokacin da babu abin da ke jan wuta, ko dai an cire firigon ko yana cikin mutuwarsa. In babu kuran mai gudana, ko da zare ɗaya na fil ka ja daga nan har Tibiri mita za ta nuna maka 12.6 a ƙarshensa, don ita mitar abin da take ja bai taka kara ya karya ba. Awon da ba a yi shi da kaya a kai ba bai faɗin komai game da fil. Wallahi wannan kuskure na ganinsa ko wurin waɗanda suka daɗe suna aikin wuta, kuma batura nawa aka zaga aka maida banza saboda shi.

Na san abin da ke zuciyarka: to ai wannan fil ɗin shi ke cikin bangon gidaje ko'ina, har firigo manya yake ɗauka, me ya sa nan zai gaza? Saboda can 220 bolt ne. Kaya mai wat 60 a kan 220 bai kai sulusin amfa ɗaya yake ja ba, wajen 0.27, ka ninka da 0.45 ɗinmu ka samu 0.12 bolt, cikin 220 wa zai kula. Aiki iri ɗaya, wat iri ɗaya, amma a 12 bolt sai an tura kuran ninki 18 kafin a yi shi, kuma ga shi 12 ɗin ba ta da rarar da za a yi asara da ita. Shi ya sa wutar da ke shigowa yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa ake ɗauko ta a kan bolt 132,000, a ɗaga tansiyo sama sosai don kuran ya zama kaɗan, asarar hanya ta ragu, sai an zo kusa da gari taransifoma su sauke ta. Kai kuma ka yi akasin haka ba da saninka ba, ka ɗauki mafi ƙanƙantar tansiyo ka ba shi doguwar hanya.

Mu koma zaure. Fil ɗin gaba ɗaya yana ɓarar da wajen wat 11 ya zama zafi, lissafinsa R sau I sau I, wato 0.45 sau 25, amma da yake zafin ya bazu cikin mita 40 ba za ka ji shi sosai a hannu ba. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da skoc daban ne. Siraran ba su kama juna da kyau ba, ƙura ta shiga, iska ta sa sun yi baƙi, sai wurin ya zama yana da nasa rezistans, a ce ko 0.2 om ne, sau 25 wat 5 kenan, duk a tattare a wuri da bai fi kan yatsa ba. Zafin na ƙara ɓata haɗin, haɗin na ƙara zafi, kuma wannan 0.2 ɗin wani bolt ɗaya ne ya sake cirewa daga rabon firigo. In skoc ya gama narkewa ja da baƙi suka taɓa juna, rezistans ya faɗi kusan babu, to ka juya lissafin: I daidai yake da U a raba da R, R ƙarami ƙwarai, kuran ya yi tsalle ya kai amfa masu yawan da siririn fil ba zai iya ɗauka ba, batir irin naka kuwa yana da ƙarfin bayarwa, fil ya yi ja robarsa ta kama. Ban ga ka ambaci fizibil ba, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in kuran ya yi yawa, cikin kayan da ka lissafa, kuma ina zargin babu. Mutane na raina 12 bolt don ba ta jan mutum, gaskiya ne ba ta ja, fatar jiki rezistans ɗinta ya yi yawa 12 ba ta iya tura abin kirki ta cikinta, amma gobara kam tana tayarwa.

Ga abin da nake so ka yi gobe in Allah ya kai mu. Ka bar batir ya sha rana tun safe ba tare da ka jona masa komai mai nauyi ba. Wajen la'asar ka kira abokin nan naka da mitarsa, ku sa ta a kan V na batir, wurin da aka rubuta 20, kuma ku kula kada jan igiyar mitar ta kasance a ramin amfa, in tana can kuka ɗora a kan batir kun yi gajeren haɗi da hannunku. Ku maida fil ɗin na ɗan lokaci kana tsaye a kai. Ku auna a kan ƙafafun batir daidai lokacin da firigo ke ƙoƙarin tashi, ka sa yaro ya tsaya ɗakin Inna ya kira ka in ya ji gurnanin. Sannan ku koma bayan firigon ku auna a bakinsa, shi ma daidai lokacin da yake gurnani, ba lokacin da ya yi shiru ba. In batir ya tsaya a 12 da 'yan kai, bakin firigo kuma ya faɗo 10 ko ƙasa, magana ta ƙare, bambancin nan fil ne ya ci shi.

Akwai ma gwajin da ya fi wannan sauƙi, ba ya son mita. Ku ɗauko firigon ku kawo shi shago kusa da batir, ku jona shi da gajeren fil mai kauri, mita 1 ko 2, ku bar shi ya kwana. In da safe kun tarar da ruwa ya yi sanyi, ka samu amsarka.

In kuwa a kan ƙafafun batir ɗin kansa ne lamba ke zubewa, ya wuni a rana amma da an ɗora masa amfa 5 cikin 'yan mintoci ya sauko 11 ko ƙasa, to nan batir na da magana, ko dai ya gaji ko bai samun caji sosai, sai a duba fano ko ƙura ta rufe shi ko inuwar bedi na faɗa masa, a duba regilater, in duk lafiya sai a kai wa dattijo kamar yadda ya nema tun farko. Ko a nan ɗin ma ba lallai ne ya cuce ku ba, shi ma sayowa ya yi a kwali.

Gyaran kuma, wanda ya fi araha shi ne a gajarta hanya. Ko firigo ya dawo kusa da batir, ko batir da regilater su koma kusa da ɗakin Inna a wuri mai iska da yara ba su kaiwa, ba cikin ɗakin kwana ba. Ni da zan zaɓa, firigo zan kawo shago ko zaure, don masu zuwa cajin salula su ne masu sayen ruwan sanyi, mutum na jiran wayarsa cikin zafin watan Afrilu ga bisab mai sanyi a gabansa, ba sai an aika yaro cikin gida ba, Inna ta haɗa kayanta kai ka saida mata, kuɗinta daban a gwangwaninta kada ka haɗa da na caji. A mita 3 da fil 4 na jan ƙarfe asarar ba ta kai 0.2 bolt ba. In kuma dole firigo ya zauna inda yake, to fil 6 ne mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi, zai ci wajen 0.6 bolt, fil 10 ya fi, wajen 0.35, amma mita 40 na irin wannan kauri kuɗi ne masu yawa, ka tambayi farashi a kasuwa ka gani da kanka kafin ka yanke. Kuma guda ɗaya za a ja daga farko har ƙarshe, in haɗi ya zama dole a yi shi da domino mai kauri a ɗaure sukurori tam, bakin batir kuma a sa kos, wato bakin ƙarfen da ake maƙala wa kan fil, a ɗaure da noti, ba a naɗa fil a kan ƙafar batir a bar shi yana lilo ba. Fizibil na amfa 15 a kan jan fil, dab da batir, tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba, irin na mota ma ya yi. In ya ƙone a nemi dalili a sa wani irinsa, kada wani ya ce maka a ɗaura siraran waya a wurin.

Wani zai ba ka shawara ka sayi kwambatisa ka maida wutar 220 ka tura ta cikin siririn fil ɗin. Ta lissafi yana yiwuwa, amma firigonku na 12 ne, sai ka sake sayen abin da zai sauke ta, kowane mataki kuma yana cin nasa, ga shi ka shigo da 220 tsakar gida inda ake wanke-wanke yara na yawo ba takalmi. Jikin mutum in ya jiƙe rezistans ɗinsa na iya saukowa wajen om 1,000, ka raba 220 da 1,000 ka samu 0.22 amfa, alhali disjonktan da ake sa wa don kare rai a 0.03 yake yankewa. Ban ba ka wannan shawarar ba.

Abu ɗaya kuma da gyaran fil ba zai canza ba, gara ka sani tun yanzu don kada gobe ka sake zargin wani. Batir 12 bolt mai amfa-awa 100, in ka ninka 12 da 100, abin da ke cikinsa wajen wat-awa 1,200 ne, kuma irin na ruwa ko na jel ba a son a riƙa cinye fiye da rabinsa in ana so ya yi shekaru, kenan 600 ne naku. Firigo mai wat 60 ba ya aiki dare gaba ɗaya, yana yi yana hutawa, amma da zafin Maradi hutun nasa kaɗan ne, zai iya cinye mafi yawan wannan 600 ɗin shi kaɗai kafin asuba. Don haka cajin salula ka fi ba shi ƙarfi da rana lokacin da fano ke bayarwa, Inna kuma ta zuba kayanta tun da hantsi su yi sanyi da wutar rana, kada ta sa bisab da ɗuminsa, a rage buɗe-buɗe da dare. In ciniki ya kankama sai a yi tunanin ƙara batir.

Yanzu maganar dattijo, wadda na san ita ta fi hana ka barci ko da ba ka faɗa ba. Mutumin nan abokin mahaifinka ne, matsayin uba yake gare ka, ka kira shi macuci a gaban mutane bai rama ba, ya ce ka kawo kaya ya duba. Wanda ya san ya saida jabu ba haka ya cika yi ba. Kada ka jira sakamakon awo kafin ka je, don ko da a ce batir ɗin ya fito da matsala, yadda ka yi maganar bai dace ba, kuma kai ma ka sani shi ya sa ka rubuto. Ka sami kawunka ko wani babba da yake jin nauyinsa ku tafi tare, kuma a shagon nasa inda ka yi maganar, gaban maƙwabtansa da suka ji, nan za ka durƙusa ka ce Baba na yi kuskure, zafin kuɗin Inna ne ya ɗebe ni, ka yafe mini. Ba sai ka yi dogon bayani ba, kada kuma ka ɗora wa abokinka laifi a wurin. Daga nan ka gaya masa tsawon fil ɗin da kaurinsa, ina kyautata zaton kafin ka rufe baki zai gane, mai saida kayan sola ya sha ganin irin wannan, wataƙila ma ya taimaka maka da guntun fil mai kauri da fizibil ko ya turo yaronsa ya ɗaure maka.

Inna kuma ka zauna da ita yau da dare ka gaya mata gaskiya, cewa alamu sun nuna kayanta lafiyarsu lau, jan wayar ne bai yi daidai ba kuma gyaransa ba mai tsada ba ne. Shirun da take yi tana tsammanin adashinta ya tafi ne gaba ɗaya, kuma tana jin nauyin abin da ya faru tsakaninka da abokin mijinta. In zubi ya zo kafin firigo ya fara kawo kuɗi, ka cire daga na caji ka zuba mata wannan karon, in bai kai ba ta yi wa uwar adashi magana tun da wuri, kada a bari sai ranar.

In kun yi awon ka turo mini lambobi huɗu: na kan batir firigo na kashe, na kan batir yana gurnani, na bakin firigo yana kashe, da na bakinsa yana gurnani. Ka haɗa da hoton abin da aka rubuta a jikin robar fil ɗin da na takardar da ke bayan firigon, sai in gaya maka kaurin da za ka saya daidai, kada ka kashe kuɗi fiye da yadda ake buƙata.